Fanken Ragwaye

Ankul Fidelis bai zo tarye na ba. Na sauka a filin jirgin Winifeg da ke Kanada tsakiyar watan Janairu, na tsaya a bakin ƙofa da akwatina ina duba fuskoki, har mutanen jirginmu suka watse aka bar ni da wani dattijo mai goge ƙasa. Takalmin da ke ƙafata na zuwa coci ne. Rigar sanyin kuwa a gwanjon kasuwar Sabon Gari na saye ta, mai gwanjon ya rantse mini cewa daga ƙasar ƙanƙara aka kawo ta. Da ƙofar gilashin nan ta buɗe iska ta shigo, na gane ko dai ƙarya ya shara mini, ko kuma ƙanƙarar ma iri-iri ce.

Wannan Ankul Fidelis ba ɗan'uwanmu ba ne, a coci muka san shi. Da can yana da shagon kayan wuta a unguwar PZ a Zariya, sai wata shekara muka ji ya tafi Kanada. Ya zo hutun Kirsimeti lokacin da wayar hannu ta fara yawa a Zariya, da guda biyu a hannunsa, ya zauna a falonmu ya gaya wa Baba cewa akwai aikin kula da tsofaffi a can. Ya ce asara ce yarinya kamar Rifkatu, wato ni, da ta yi karatun kiwon lafiya, ta zauna a wani ɗan kemis a Samaru tana miƙa wa ɗalibai maganin ciwon kai. Baba malamin firamare ne mai ritaya, duk abin da aka faɗa masa da Turanci mai kyau yarda yake yi. Mama ce kawai ta taɓe baki. Ita fanke take soyawa a unguwar Chikaji, ma'aikatan masana'antu ke saye da safe, ta ga masu daɗin baki iri-iri. Amma ba ta hana ni ba.

Dattijon mai goge ƙasa ɗan Somaliya ne. Shi ya ara mini wayarsa na kira Ankul Fidelis, wanda ya ce ai ya ɗauka gobe ne zan iso, in hau tasi in zo. Dattijon ya raka ni bakin titi, ya dubi yatsuna ya ga sun ƙi lanƙwasuwa, ya cire safar hannunsa ya miƙo mini. Na ce a'a, na gode, kamar yadda aka koya mini a gida. Bai ko saurare ni ba. Ya cusa mini ita a aljihu ya koma bakin aikinsa, ban sake ganin sa ba har yau.

Gidan tsofaffin da aka yi mini alkawari ashe gidan Ankul Fidelis ne. Tsohuwar kuwa surukarsa ce, wadda ta fi ni lafiya, tana hawa bene da gudu in za a fara fim ɗin da take so. Ainihin aikin shi ne 'ya'yansa uku da kitson da matarsa ke yi wa mutane a ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Ni ce mai wanki, ni ce mai raba gashin doki, ni ce mai share gashin da ya zube, kuma a ɗakin nake shimfiɗa katifata in masu kitso sun tafi. Fasfona yana aljihun tebur ɗinsa, wai don kar ya ɓace. In na kira gida sai in ce komai lafiya, don na san Baba ya riga ya gaya wa duk wanda ya gaishe shi a layi cewa 'yarsa tana aikin asibiti a Kanada.

Na daure har ƙanƙara ta narke ciyawa ta fito. Abin da ya kai ni bango ƙarami ne. Wata Lahadi ya yi baƙi, na kawo ruwa, sai na ji yana ce musu ni 'yar aikinsa ce da ya ɗauko daga ƙauye, ko wutar lantarki ban sani ba. Mutumin da a shagonsa Baba ya sayi duk ƙwayayen fitilar gidanmu. Na ajiye tiren a hankali, na juya harshe zuwa Hausa, don ya daɗe a Sabon Gari, babu kalmar da za ta wuce shi.

"Ankul, ka ba ni fasfona yau ɗin nan. Ba 'yan sanda zan kira maka ba. Mama zan kira, ita kuma ta kai maganan wurin zumuntan mata. Kafin Lahadi mai zuwa, daga Samaru har Unguwan Gabas babu wanda bai ji ba."

Ya yi dariya don baƙin su ɗauka wasa muke yi, amma goshinsa ya tsatsafo da gumi. Yana gina gida a Zariya a lokacin, kuma kowace shekara sai an ba shi kujerar gaba in ya je coci. Kafin baƙin su gama cin abinci fasfona yana hannuna. Na yi masa alkawarin ba zan gaya wa Mama ba, na kuwa cika. Baba na gaya wa daga baya, shi kuma bai taɓa iya riƙe magana a gaban Mama ba.

Wata 'yar ƙasar Filifin da muke coci ɗaya, Anti Luz, ita ta ba ni doguwar kujerar falonta na kwanta a kai watanni. Ita ma da aikin kula da tsofaffi ta shigo ƙasar, ta san kan takardun. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani dalla-dalla: izinin zamana a ɗaure yake da aiki a cikin gidan wani, in babu gida babu izini. Ta yi ta cigiya har aka samu wata mata a can arewa mai neman wadda za ta kula da mahaifiyarta. Babu wanda ya nemi aikin saboda nisa. Kafin a gama canza takarda sanyi ya sake zagayowa, Anti Luz ta ba ni tsohuwar rigar mijinta da ta sauko mini har gwiwa. Ta ce in riƙe wannan aikin da hannu biyu, don samun wani bayansa abu ne mai wuya.

Yini guda bas tana tafiya da ni, ba gari ba gona, sai itatuwa iri ɗaya da farar ƙasa. Inda titi ya ƙare matar ta tarye ni da motar a-kori-kura. Sunanta Lona, malamar makaranta ce, 'yar ƙabilar Kiri, mutanen da ke ƙasar tun kafin zuwan Turawa. Mun ɗan yi tafiya sai ta ce in kwance bel ɗina, in ɗan sauke gilashi. Na tambaye ta dalili. Ta ce ai a kan tafkin da ya daskare muke tafiya, in ƙanƙarar ta fashe mutum ya samu hanyar fita. Ta faɗe shi ne kamar mai cewa akwai gargada a hanyar Shika. Ni kuwa duk waƙoƙin cocin da na sani sai da na rera su a zuci kafin mu taka ƙasa.

A kan tafkin nan ta gaya mini yadda abin yake, ba ta ɓoye komai ba. Mahaifinta ya rasu da kaka. Ta ɗauko mahaifiyarta daga ɗan gidansu na katako da ke ƙetaren ruwa ta kawo ta wurinta, tun daga nan tsohuwar ta daina cin abinci, sai shayi. Nas ɗin ƙauyen ta ce in ramar ta ci gaba dole a kai ta gidan tsofaffi a birni, kuma sai an yi haka kafin hanyar ƙanƙara ta narke, don in ta narke sai dai jirgin sama, tsohuwar kuwa ta rantse ba za ta shiga jirgi ba.

"In aka kai ta can ba za ta dawo da rai ba, na sani," in ji Lona. "Ke ma aikinki ya ƙare."

Muka iso da almuru. Tun burodin da Anti Luz ta naɗe mini babu abin da ya shiga cikina. Gidan yana ƙamshin miyar nama, har jiri nake ji. Lona ta buɗe tukunya ta tambaye ni ko zan ci. Na sunkuyar da kai na ce na ƙoshi, na gode. Ta ce to, ta rufe tukunyar, ta buɗe firij ta saka ta. Na bi tukunyar nan da ido kamar mai rakiyar ɗan'uwa tasha.

A gidanmu ba a tambayar mutum ko zai ci. Ajiye masa ake yi a kau da kai. In ka tambaye shi ka ba shi kunya, dole ya ce ya ƙoshi ko da kwana ya yi da yunwa, kai kuma ka san ƙarya yake, ka ci gaba da zubawa. Wanda ya tambaya har ya karɓi "na ƙoshi" a karon farko, marowaci ake ce masa. Lona ba marowaciya ba ce, maganar mutum kawai take ɗauka yadda ya faɗe ta. Sai da yunwa ta gasa ni sosai kafin na koyi buɗe baki in ce e, zan ci, kuma duk lokacin da na faɗa sai in ji kamar na yi roƙo.

Tsohuwar kowa Kokum yake ce mata, wato kaka da yarensu. 'Yar ƙarama ce, da ɗankwali mai furanni, kullum tana kan kujera a bakin taga tana kallon ƙetaren tafki inda gidanta yake. Da safe Lona za ta durƙusa a gabanta ta jero mata: ƙwai, miya, kifi, ko fate? Ta girgiza kai. Lona ta tafi makaranta da jajayen idanu, ni kuma in karɓi layi, don haka aka koya mana a makaranta, a tambayi mara lafiya abin da yake so. Na dama mata kunu, na yi mata dafa-duka, har romon kifi na yi mata da ɗan yajin da na ɓoyo daga gida. Kowanne sai in kai gabanta in tambaya, ta girgiza kai ba tare da ta dube ni ba. Haushi yakan kama ni, in koma kicin in cinye abina ina ƙunƙuni da Hausa.

Kwanaki suka yi ta tafiya, rana ta fara daɗewa ba ta faɗi ba. Rediyon ƙauyen kullum sai ya faɗi kaurin ƙanƙarar hanya, kuma kullum raguwa take. Nas ta zo ta ɗora Kokum a sikeli, ta dubi Lona. Na ga Lona ta sauko da akwatin tsohuwar daga saman kabad ta kakkaɓe shi. Ranar na ji tsoro sosai. Ina tausayin Kokum, amma kaina ma nake ji. Na hango ni ina sauka a tashar Sabon Gari da akwatin da na tafi da shi, Baba yana neman abin da zai gaya wa mutanen layi.

Kewar gida ce ta kai ni shagon ƙauyen neman yis. Fanken Mama nake so, ko ɗaya ne, in ci in yi kukana. Mai shagon ya ce yis ya ƙare sai babbar mota ta zo, ai nan kowa bekin foda yake saye don banok. Na sha jin sunan banok ɗin nan. Gurasarsu ce ta gida, kuma duk wanda ya shigo gaishe da Kokum sai ya ce babu mai hannunta a ƙauyen. Lona ba ta yin sa, burodin leda take saye, ta ce tun tana yarinya uwarta ba ta barin kowa ya taɓa mata kwano. Na tambaye ta abin da ake sawa. Ta ce fulawa, gishiri, bekin foda, kitse da ruwa. Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan. Na yi dariya a raina. Ni da na tashi a gindin kaskon fanke, wannan ai wasan yara ne.

Washegari da Lona ta fita na kwaɓa. Duk 'yar da Mama ta haifa ta san ƙa'ida ɗaya: fulawa sai da bugu. Ana bugun ƙullun fanke da tafin hannu har kafaɗa ta yi tsami, har ya yi danƙo yana ƙara fat, fat, fat, maƙwabta su san an tashi. Haka na yi wa banok. Na buga shi, na murza shi, na sake bugawa, na shimfiɗa a tire na tura oben. Abin da ya fito kyakkyawa ne a ido. Na sa wuƙa ta ƙi shiga. Na ƙwanƙwasa shi a tebur ya amsa kamar murfin tukunya. Na jefa wa karen gidan, ya shinshina, ya ɗauka ya tafi bayan gida ya binne shi a ƙanƙara.

Amma akwai abin da na gani ina tsakiyar bugun. Kokum ta juyo daga taga. Tun zuwana gidan ban taɓa ganin ta juyo don wani abu ba. Ta kafa wa hannuna ido, bakinta a tsuke, hancinta yana motsi. Na san kallon nan sarai. Shi Mama ke yi in sabuwar 'yar taya aiki ta jefa fanke a man da bai yi zafi ba. Mace mai irin wannan kallon ba ta gama da duniya ba tukuna.

Da gari ya waye na ɗauko kwanon, na jawo ɗan tebur har gefen kujerarta, na zuba fulawa ba awo, na tuttula ruwa, na shiga bugu da gayya. Har waƙa na sa. Fulawa tana tashi tana sauka a ɗankwalinta. Ta daure, ta daure, sai ta yi wata magana da yarensu wadda ko ba fassara na san ba albarka ba ce. Sannan ta ce da Turanci, da wata murya a shaƙe saboda daɗewa ba a yi amfani da ita ba:

"Laifin me ya yi miki kike dukan sa?"

Na ce, "A garinmu haka ake yi, Kokum."

"Shi ya sa kika baro garin naku?"

Na ƙara masa wani bugun. Sai ta miƙo hannu, ba don ta hana ni ba, don in ɗaga ta. Na ɗaga ta, ba ta fi buhun garin da Mama ke saye nauyi ba. Muka taka har kicin tana dafe da ni. Ta nuna kwaɓina ta nuna kwandon shara. Ta tura ni ɗakin ajiya in buɗe kwalayen da aka kwaso daga gidanta, waɗanda ba wanda ya taɓa tun zuwanta, in ɗauko mata baƙin kaskonta na ƙarfe.

A zaune ta koya mini, ni ina tsaye. Ta auna fulawa da tafin hannu, ta barbaɗa gishiri da bekin foda, ta sa na murtsuke kitsen a ciki da kan yatsu kawai har ya zama kamar tsaki. Ta yi rami a tsakiya, ta zuba ruwa, ta ce in tattaro garin daga gefe a hankali. Da hannuna ya ji danshin fulawa sai ya koma halinsa, ya fara murza. Ta ɗaka mini duka a bayan hannu, da ƙarfin da ban zaci tana da shi ba. Ta ɗora tafinta a kan nawa ta nuna mini: a tattara, a juya, a ɗan danna, a bari. Ta ce a ɗauke shi yadda ake ɗaukar jariri mai barci. Kwaɓin duk ƙulalai ne, Mama da ta gan shi da ta ce ba a fara ba. Muka shimfiɗa shi a kaskon, ta tsattsaga samansa da cokali mai yatsu, na tura oben.

Ƙamshin ne ya fara cika gidan. Da na fito da shi ya taso, samansa ya yi ja, na ɓalla gefe tururi ya fito, cikinsa fari mai laushi. Na mayar da Kokum kujerarta. Na yanka, na shafa bota, na ɗauko faranti na nufo ta, kuma wallahi maganar tana kan harshena: za ki ci? Sai tukunyar Lona ta faɗo mini a rai, yadda na bi ta da ido har cikin firij. Na haɗiye tambayar.

Na haɗa shayi kofi biyu. Na ajiye farantin a kan ɗan teburin da ke tsakaninmu, na zauna a ƙasa gefen ƙafarta, na juya fuskata wajen taga. Na ɗauki yanki ɗaya na fara ci, ina ba ta labarin rumfar Mama a Chikaji, yadda ma'aikata ke layi da sassafe da kofunansu, da wani mai walda da kullum sai ya ce fanken ya ƙanƙance kuma kullum sai ya saya. Surutu kawai nake, ban san ma me nake faɗa ba, kunnena yana baya. Wuyana har ciwo yake don son in waiga, na hana shi. Can na miƙa hannu baya in ɗauki wani yankin, sai na taɓa yatsunta a cikin farantin.

Na ji tana tauna a hankali, ta kurɓi shayi, ta sake miƙa hannu. Da farantin ya kusa ƙarewa ta yi gyaran murya.

"Gishiri ya yi kaɗan," in ji ta.

Hawaye na zuba a fuskata na ce gobe zan ƙara.

Da Lona ta dawo ta ga ɓurɓushi a cinyar uwarta, ta buɗe baki za ta yi magana, na zare mata ido daga bayan kujera. Ta rufe bakin, ta wuce banɗaki ta kunna famfo, ta daɗe ba ta fito ba. Daga ranar aka daina tambaya a gidan. Kullum da hantsi Kokum za ta zauna a kicin tana ba da umarni, ni ina shan duka a bayan hannu. Daga banok aka koma miyar kifi, daga nan naman daji da wani jikanta ya kawo. Ita ke cewa a ɗora, ita ke cewa a sauke, ita ke raba wa kowa, sannan ta ci nata. Wata rana muna jiran kasko ta ce mini duk rayuwarta ita ke ciyar da mutane, ba wanda ya taɓa tambayar ta ko za ta ci sai da aka kawo ta gidan nan, kowa yana yi mata kamar baƙuwa. Na ce mata ni ma yunwa ta kusa kashe ni a gidan saboda tambayar nan. Ta yi dariya har da tari.

Nas ta dawo da sikelinta ana saura kaɗan a rufe hanya. Ta ɗora Kokum, ta duba, ta sauke ta, ta sake ɗorawa. Kokum ta ce mata in ta gama wasa da ita akwai banok a kicin. Ranar da rediyo ya ce an rufe hanyar tafki, mu uku muna bakin taga muna kallon ruwa kwance a kan ƙanƙarar. Lona ta ɗauki akwatin nan ta mayar saman kabad. Ni kuwa na ɗaura ɗankwali a ƙugu na taka rawar zumuntar mata a tsakiyar kicin, ina buga murfin tukunya, Kokum tana cewa ko murfi ma bai tsira daga hannuna ba. Na yi murna ranar irin wadda ban taɓa yi ba tun da na bar gida.

A gidan na cika wa'adin aikina har takardata ta zauna daram. Kokum ta ƙara shekaru a kujerarta ta kicin, kuma in ana taro a ƙauyen har aikowa ake a ce a kawo banok ɗin 'yar Afirka, ita kuma ta ce ai har yanzu hannuna da nauyi.

Da na samu zuwa gida hutu, kwana ɗaya na huta na bi Mama rumfarta a Chikaji da sassafe. Na ce yau zan nuna mata abin da na koyo. Babu oben, sai na ɗora kasko a kan garwashi, na tanadi murfi da zan zuba wa wani garwashin a kai. Mama tana jefa fankenta a mai tana satar kallona. Ta ga na murtsuke kitse, ta ga na zuba ruwa, ta ga na tattara na juya na bari. Ta ajiye matsaminta.

"Ke Rifkatu, shi ke nan? Ba za ki buga ba?"

Ta miƙo hannu za ta karɓi kwanon, na riƙe hannun.

"Ba a dukan shi, Mama."

"To," in ji ta. "Jirgi kika hau kika je har ƙarshen duniya kika koyo fanken ragwaye."

Ya gasu, ya taso, ƙamshinsa ya sa masu layin fanke suna leƙowa. Mai waldan nan yana nan bai canza ba, ya karɓi yanki ya ce ya ƙanƙance, ya nemi ƙari. Na yanka mai kyau daga tsakiya na sa a faranti na kawo gaban Mama, sai kawai na ji bakina ya ce, "Mama, za ki ci?"

Ta ɗago ta dube ni tun daga sama har ƙasa.

"A can aka koya miki tambayan uwarki ko za ta ci abinci? Na ƙoshi."

Kunya ta rufe ni. Na ajiye farantin a kan benci kusa da ita, na juya baya na durƙusa ina wanke kwano. Na wanke shi, na ɗauraye, na sake wankewa. Mai yana ta ƙara a kasko, masu saye suna ta miƙo kofuna, ni dai ban waiga ba. Can na ji an turo farantin ya taɓa ƙafata, babu komai a ciki.

"Gishiri ya yi kaɗan," in ji Mama.